Darasi: Wanda Ya San Gabas Ba Ya Ɓata

'Yan'uwa manoma, akwai wani wasa da ake yi a ƙasashen Turai. Akan ba mutum taswira da kamfas, a sake shi cikin daji, ya bi ta wuraren da aka nuna masa, ya komo da sauri. Mai yin wannan wasa, sunansa da Turanci orienteer.

Turawan Ingila sun aro kalmar daga mutanen Suwidin, masu cewa orientering. Sojojinsu ne suka soma amfani da ita a 1886, aka kuma yi gasar farko ta jama'a a ƙasar Norwe a 1897. Amma tushenta Latin ne, wato oriens, fitowar rana. Ashe ainihin ma'anarta ita ce mai neman gabas. Mu ma da Hausa, ku dubi gabas da gaba. In ka sa gabas a gabanka, yamma tana bayanka, kudu a dama, arewa a hagun.

Ina ruwan manomi da wannan? Rikicin iyakar gona yakan raba zumunci, musamman in tsofaffin da suka san iyakar sun rasu. Ƙungiyar da ta zana taswirar gonakinta na auduga da masara ta huta. Amma taswirar da ba a daidaita gabas ɗinta ba, ɓarnar takarda ce.

Ku lura, a nan Funtua da Malumfashi rana ba ta fitowa a wuri ɗaya kullum. A watan Yuni takan karkata arewa, a Disamba kuwa kudu. Sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa daidai gabas.

Ga dabara. Da hantsi ya ɗaga, ka kafa sanda tsaye a fili. Ajiye dutse a ƙarshen inuwarta. Bayan minti 20, ajiye wani inda inuwar ta koma. Ja layi tsakaninsu. Dutsen fari yana wajen yamma, na biyu wajen gabas.

Aikin yi kafin taro na gaba: kowa ya gwada wannan a gonarsa tare da maƙwabcinsa. Ku auna kowane gefe da taki, ku rubuta, ku shuka gamba a kan iyaka, sa'an nan ku kai wa magatakarda takardar ya adana.