Darasi na 14: Rabon Wakilan Zaɓe Tsakanin Jihohin Amurka

A ƙasar Amurka, yawan ƙuri'un jama'a ba shi ke ba mutum shugabanci kai tsaye ba. Kowace jiha tana da waɗansu mutane da ake kira wakilan zaɓe, su ne ke jefa ƙuri'ar ƙarshe. Jimillarsu 538, kuma ɗan takarar da ya sami 270 daga cikinsu shi ne ya ci zaɓe.

Ana ba jiha wakilan zaɓe daidai da yawan kujerunta a majalisun tarayya guda biyu. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, waɗanda ake rabawa bisa yawan mutanen kowace jiha bayan ƙidayar da ake yi duk shekara goma. A Majalisar Dattawa kuwa, kowace jiha kujera biyu gare ta, komai girmanta komai ƙanƙantarta. Sauran wakilai uku na birnin Washington ne, wanda ya sami wannan haƙƙi a 1961.

Tsarin ya samo asali ne daga taron rubuta kundin tsarin mulki a 1787. Ƙananan jihohi sun ji tsoron kada a yi musu kashin dankali, sai aka lallashe su da kujeru biyun nan na dattawa. Jihohin kudu kuma suka nemi a sa bayinsu cikin lissafi, ko da yake bayin ba su jefa ƙuri'a. Aka daidaita a kan a lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku.

To, rabon nan akwai adalci a cikinsa? A ƙidayar 2020, jihar Wyoming tana da mutane kimanin 577,000 da wakilai 3, wato wakili ɗaya ga mutum 192,000. Kalifoniya tana da mutane miliyan 39 da rabi da wakilai 54, wato wakili ɗaya ga mutum kimanin 730,000. Ke nan ƙuri'ar mutumin Wyoming ta kusa ninka ta mutumin Kalifoniya sau huɗu wajen nauyi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A jihohi 48, wanda ya fi yawan ƙuri'u, ko da da ɗaya tak ne, shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Maine da Nebraska ne kaɗai ke raba wasu daga cikin nasu mazaɓa-mazaɓa. A zaɓen 2000, Al Gore ya fi George W. Bush ƙuri'u sama da 500,000 a faɗin ƙasa, amma Bush ya ci Filorida da ratar ƙuri'a 537, ya haɗa wakilai 271, ya zama shugaba. A 2016 Hillary Clinton ta ba Donald Trump ratar kusan ƙuri'a miliyan uku, duk da haka Trump ya sami wakilai 304. Wannan ya sa 'yan takara ke tarewa a 'yan jihohin da ba a san maci tuwo ba, irin su Pennsylvania da Michigan, su yi watsi da waɗanda aka riga aka san inda suka karkata.

Masu goyon bayan tsarin suna cewa Amurka tarayyar jihohi ce, don haka bai kamata manyan birane su kaɗai su naɗa shugaba ba. Masu suka kuwa suna ganin ƙuri'ar kowane ɗan ƙasa ya kamata ta zama daidai da ta ɗan'uwansa.

Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa a 1979, amma ta bi wata hanya dabam. Ban da rinjaye, sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. A shekarar nan jihohi 19 ne, Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, ya gaza a Kano. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kafin aka tabbatar masa da nasara.

Soke tsarin Amurka sai an gyara kundin tsarin mulki, gyaran kuma sai jihohi 38 daga cikin 50 sun amince. Da wuya jihohin da ke cin moriyarsa su yarda.

Ma'anar Kalmomi

kashin dankali: babba ya danne ƙarami
rata: tazarar da ke tsakanin abu biyu
tare: zauna a wuri ɗaya ba a gusawa
ba a san maci tuwo ba: ba a san wanda zai yi nasara ba tukuna

Tambayoyi

1. Yaya ake lissafa wakilan zaɓen kowace jiha?
2. Me ya sa Al Gore bai zama shugaba ba a 2000?
3. Rubuta sakin layi ɗaya, ka kwatanta tsarin Amurka da na ƙasarku.