Mu Koyi Karanta Ƙauye: Darasi Daga Ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma

 Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙauye ne. Na san wasu za su ce me ya rage a koya game da ƙauye, alhali yawancinmu daga can muka fito, ko kuma can kakanninmu suke. To ai shi ya sa na zaɓe shi. Abin da ido ya saba gani kullum, ba a cika tambayar dalilinsa ba. A ƙauye kuwa ba a ajiye kome a banza. Inda aka haƙa rijiya, inda aka kafa rumbu, itacen da aka bari a tsakiyar gona, kowanne da dalilinsa. Wanda ya san dalilan nan zai iya karanta ƙauye kamar yadda yake karanta rubutun allo.

Mu fara da inda muke. Idan ka taso daga birnin Katsina ka yi kudu, za ka wuce Batagarawa, ka shigo Kurfi, sannan ka iso Dutsin-Ma. Tafiyar kimanin kilomita 60 ce. A ƙidayar 2006 an samu mutum kusan 170,000 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, kuma ba duka a cikin gari suke ba. Da yawansu suna garuruwa da ƙauyuka irin su Karofi, Shema, Kuki, Dabawa da Maƙera. A ɓangaren Kurfi kuma akwai Birchi, Rawayau, Tsauri, Wurma da Barkiya, kowanne da ƙananan unguwanni kewaye da shi.

Suna shi ne shafin farko

Kafin ka shiga ƙauye, tsaya ka saurari sunansa. Dutsin-Ma kanta, manya suna cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kan dutsen, sai aka riƙa cewa dutsen Ma. Karofi a Hausa wurin rini ne, inda ake tsoma tufa a ruwan baba. Maƙera wurin ƙira ne. Ko da yau ba ka tarar da marini ko maƙeri ba, sunan ya isa ya sa ka tambayi tsofaffi abin da aka yi a wurin. Haka duk sunan da ya fara da Tudun, ko Rijiyar, ko Unguwar, ko Sabon Garin. Na farko yana gaya maka yanayin ƙasa, na biyu ruwa, na uku wanda ya fara sarar wurin, na huɗu kuma cewa akwai tsohon gari a kusa.

Ba mu kaɗai muke yin haka ba. Malaminmu na Ingilishi ya gaya mana cewa a Wales, wani yanki na Birtaniya mai mutum kimanin miliyan 3, inda tumaki suka fi mutane yawa, ƙauyuka da yawa sunansu yana farawa da Llan, wato harabar coci, ko Aber, wato inda kogi ya faɗa teku ko ya haɗu da wani kogin. Su ma da harshensu na gado suka raɗa sunayen, ba da Ingilishi ba. Ashe ɗan ƙauye ko'ina yake, da abin da ya gani a gabansa yake sa wa garinsa suna.

Dutse da ruwa

Ƙasarmu ƙasar duwatsu ce. Me ya sa mutanen da suka fi son zama a gindin dutse, alhali ga fili shimfiɗe? Dalili na farko tsaro ne. A zamanin yaƙe-yaƙe, wanda ke kan dutse yana hango ƙurar dawaki tun daga nesa, kuma mata da yara suna da wurin ɓuya. Dalili na biyu ruwa ne. Ruwan sama ba ya shiga cikin dutse, gangarowa yake yi ya nutse a gindinsa. Shi ya sa ƙasar gindin dutse take daɗewa da laima, kuma a nan ake yawan samun tsofaffin rijiyoyi.

Babban ruwanmu shi ne kogin Karaduwa. Da damina ya cika ya tumbatsa, da rani kuma sai yashi, har a tono a ɗebi ruwa a ƙarƙashinsa. A kansa aka gina madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ruwan da ya wuce madatsar yana bin hanya ya shiga kogin Rima a wajen Sakkwato, daga nan ya faɗa kogin Kwara. Ku duba taswirar da ke ɗakin karatu ku bi shi da yatsa, za ku ga ruwan da ya sauka a bayan gidanku yana iya ƙarewa a teku. Ƙauyukan da ke bakin Zobe rayuwarsu ta bambanta da ta na tudu. Suna da su, suna da noman rani na tumatir da albasa da tattasai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin tace ruwan sha na Zobe. Ku lissafa da kanku: daga 1983 zuwa 2021 shekara 38 ke nan.

Akwai wani ruwan kuma da kowane ƙauye yake da shi, wato kududdufi. Ba Allah ne ya halicce shi haka ba, mutane ne suka haƙa. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen garin, don haka girman kududdufi yana nuna daɗewar gari. Yana da amfani wajen shayar da dabbobi da kwaɓa ƙasa. Amma a nan sauro yake ƙyanƙyasa, kuma a irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga. Wasu yara suna ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Ba alamar girma ba ce, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Daga zaure zuwa daji

Yanzu mu shiga cikin gari. A tsakiya akwai masallaci da ƙofar gidan mai gari, galibi da itacen inuwa kamar ɗurumi ko bedi. Kowane gida yana farawa da zaure, inda baƙo yake tsayawa, inda kuma wani lokaci ake karatun allo. A ciki akwai tsakar gida, ɗakuna, madafa, turken awaki da rumbu. Ku lura ba a ɗora rumbu a kan ƙasa kai tsaye, sai a kan duwatsu. Dalili shi ne gara da laima. Ginin ƙasa mai kaurin bango kuma ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi a lokacin bazara, domin zafin rana yana daɗewa kafin ya ratsa shi. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba.

Idan ka fita bayan gari, gonaki ba iri ɗaya ba ne. Na kusa da gida su suka fi samun taki, domin nan jaki ko amalanke yake iya kai tokar murhu da kashin awaki ba tare da wahala ba. A nan ake sa masara da kuɓewa da yakuwa. Can gaba sai manyan gonakin gero da dawa, ana ratsa su da wake ko gyaɗa. Wannan haɗin ba don ƙarancin fili kawai ake yin sa ba. Saiwar wake da ta gyaɗa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da hatsi yake buƙata, kuma idan ɗaya bai yi ba, ɗayan ya rufa asiri. Gero yana nuna da wuri, shi ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina kafin dawa ta iso. Inda ƙasa ta yi kwari kuma fadama ce, ta shinkafa da rake da lambu.

A cikin itatuwan gona, wanda ya fi burge ni shi ne gawo. Sauran itatuwa da damina suke yin ganye, da rani su kaɗe. Gawo akasin haka yake. Da ruwa ya sauka sai ya zubar da ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar. Shanu da awaki su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna zubar da kashi a wurin. Shi ya sa geron gindin gawo yake fin na sauran gona tsawo da kauri. Ku duba a damina mai zuwa ku gani. Kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba, amma sun san kada a sare shi. Kuka tana ba da miya, ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, tsamiya tana ba da ta kunu. Mai sare irin waɗannan don buhun gawayi, a ganina, ya sayar da abincin shekaru da kuɗin kwana biyu.

Tsakanin gonaki akwai burtali, hanyar da aka bar wa shanu su bi zuwa kiwo da mashaya. A da, bayan an cire amfanin gona, makiyayi yakan sauka da garkensa a gonar manomi. Shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar taki, manomi kuma ya ba da hatsi, matan ruga su kawo nono. Kowa ya amfana. Da mutane suka ƙaru, sai wasu manoma suka riƙa cin burtali kaɗan kaɗan, wasu makiyaya kuma suka riƙa sakin dabbobi kafin a kwashe amfani. Rigingimu da yawa daga nan suke farawa.

Shekarar ƙauye da shugabanninsa

Aikin ƙauye yana bin lokaci ne. Da bazara sharar gona da kai taki. Da damina, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, shuka da noma da maimai. Da kaka girbi, ɗaurin dami da bukukuwan aure. Da rani gini, lambu, ko tafiya cin rani. Ranar Laraba kuwa hanyoyi duk Dutsin-Ma suke nufa, saboda kasuwa.

Wajen shugabanci, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin Sarkin Katsina. Hakimin Dutsin-Ma shi ke riƙe da sarautar 'Yanɗakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Wannan tambaya ce da za ta iya fitowa a jarrabawa, ku riƙe ta.

Abin da ke faruwa yanzu

Ba zai yiwu a yi darasin ƙauye a wannan yanki ba a ambaci 'yan bindiga ba. Abin da suka fara ɓatawa shi ne tsarin nan da na bayyana. Gonakin nesa su aka fara bari, domin babu mai son a tare shi shi kaɗai a daji. Sai shanun huɗa, waɗanda aka sace ko aka sayar don tsoro. Idan babu shanu babu taki, babu huɗa mai yawa, rumbu ba zai cika ba. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma, saboda matsalar tsaro. Wasu iyalai sun kwashe kayansu sun dawo cikin gari, suna haya ko suna raɓe a gidajen dangi.

Mutumin cikin gari kada ya ɗauka abin bai shafe shi ba. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, amma tuwon da malamai da ɗaliban can suke ci daga gonakin ƙauyukan nan yake fitowa. Duk gonar da ba a noma ba, a farashin tiya ake ganin ta.

Wasu daga cikin yaran da suka baro ƙauyukansu suna cikin azuzuwanmu. Nakan ji ana ce musu 'yan ƙauye idan sun yi kuskuren Turanci, ko an ga takalminsu. Wannan bai dace ba, kuma rashin sani ne. Yarinyar da kake yi wa dariya ta san bambancin gero da maiwa tun suna tsiro. Yaron da kake tsokana ya san wane gajimare ne yake ɗauke da ruwa, ya san yadda ake ɗaure dami ba ya kwancewa. A wannan darasi su ne malamanmu, gare su za mu je da tambaya.

Ga aikin da ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta take roƙon kowane aji ya yi. Kowa ya samu takarda ya zana taswirar ƙauyensu ko na kakanninsa. A sa masallaci, rijiya ko famfo, kududdufi, makaranta, burtali, fadama idan akwai, da manyan itatuwa da sunayensu. A ƙasan taswirar a rubuta ma'anar sunan garin kamar yadda wani dattijo ko wata dattijuwa suka faɗa. Wanda garinsu ya tashi, ya zana shi yadda yake kafin a tashi, ya tambayi Baba ko Inna abin da ya manta. A miƙa wa malamin da ke kula da ƙungiyar kafin ranar Juma'a ta sama, za mu liƙa waɗanda suka fi bayani a wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.