Kaskon Ruwa Domin Tsuntsaye

Da bazara, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, kurciya da gwara sukan sha wuya ƙwarai. Ba sha kaɗai suke bukata ba, har da wanka, gama tsuntsu mai dauɗar gashi ba ya tashi da sauri, shaho kuwa ba ya jira.

Sai mu ajiye kasko mai faɗi a inuwa, inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa. Kada zurfin ruwan ya wuce inci 2.

Amma ku lura, 'yan'uwa: gara babu da kasko mai ƙazanta. A Ingila, a shekarar 2005, wata cutar maƙogwaro ta ɓulla, ta kashe ƙananan tsuntsaye da yawa, ruwan sha mai dauɗa yana cikin hanyoyin yaɗuwarta. Saboda haka mu wanke kaskon, mu sake ruwa kowace safiya. Sauro ma ba zai sami wurin hayayyafa ba.