Darasi: In Akori-kura Mai Man Gas Ta Ƙi Tashi

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Auyo akori-kura ce ke fid da shinkafa da tumatir daga fadama zuwa kasuwar Haɗejiya. Tumatir kuwa ba ya jiran makaniki. In mota ta kwana biyu a gona da kaya, an yi hasara ke nan. Saboda haka bari mu koyi gane ciwon mota kafin a soma kwance ta.

Da fari mu sani injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur. Yakan matse iska ne har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan ya fesa mai, man ya kama. Yawanci abu biyu ke hana shi tashi: ko wuta ba ta isa ta juya shi da sauri ba, ko mai bai iso ba. Kunne ne zai raba gardama. Mu murɗa makulli, mu saurara.

In mun ji ƙas kawai, ko injin yana juyawa da ƙyar, laifin na wuta ne. Kada mu yi hanzarin sayen batir. Mu duba kawunansa tukuna. In sun yi farin gari, mu kwance su, wayar da ke haɗe da jikin mota da fari, mu wanke da ruwan kanwa, mu ɗaure tam. Mai ma'aunin wuta ya gwada: cikakken batir yana nuna 12.6, in injin na aiki kuma wajen 14. In bai kai haka ba, caji ba ya shiga, sai mu taɓa fambel ko ya saki.

In injin yana juyawa sosai amma bai kama ba, wani ya tsaya baya ya dubi salansa. Farin hayaƙi yana nuna mai yana isowa, zafi ne bai isa ba. Haka yakan faru da sanyin asuba a Disamba da Janairu. A jira fitilar hita ta mutu kafin a murɗa. In abin ya ci gaba, a duba hita da fis ɗinta.

In babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai iso ba. Nan ne aikin yake. Man da muke saya cikin jarka da ganga sau da yawa yana da ruwa da datti, ruwa kuwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a gindin filta. Mu kwance ɗan murfin da ke ƙarƙashinta, mu tara da farar kwalba. Za mu ga ruwan a ƙasa, man a bisa. Mu tsiyaye har mai zalla ya fito. Bayan haka mu danna ɗan famfon hannu na kan filta har ya yi tauri, domin iska ta fita. Wanda ya bar tanki ya ƙafe ma, wannan ne maganinsa. Kada a yi ta murɗa makulli fiye da daƙiƙa 15, batir ne za a kashe a banza. A sababbin motoci masu kwamfuta kada kowa ya kwance bututun nozul, gama ƙarfin man yana iya huda fata.

Saura maganar ambaliya. Mun tuna yadda ruwa ya cinye hanyoyi a 2022. In mota ta mutu a tsakiyar ruwa, kada a taɓa makulli, kada kuma a tura ta don ta tashi. A jawo ta tudu, a buɗe filtar iska. In ta jiƙe, ruwa ya shiga injin. Ruwa ba ya matsuwa, murɗawa ɗaya na iya lanƙwasa ƙarfen fistin. A bar ta nan, a aika a kira makaniki.