Wayar Hannu da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Abin da Ya Kamata Kowa Ya Sani

Jama'a, ciwon damuwa da fargaba da taɓin hankali cututtuka ne kamar sauran cututtuka, suna kuwa da magani. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, alhali kuwa mutanenta sun haura miliyan 200. Ko a Yankin Babban Birnin Tarayya, mutumin Abaji ko Kwali sai ya yi tattaki zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kafin ya ga gwani. Ga kuɗin mota, ga kunyar kada a gan shi. Saboda haka da yawa sukan zauna da ciwonsu har ya yi tsanani.

Asalin Dabarar

Kai magani kusa da mai ciwo tsohuwar dabara ce a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, a Abeokuta, maimakon a kulle su. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. Sa'an nan a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tabbatar wa mai ciwo mutuncinsa da sirrinsa. Wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ita ce ta ƙara rage nisan.

Yadda Take Aiki

Na farko, mai ciwo yana iya ganawa da likita ta murya ko ta bidiyo daga ɗakinsa. Na biyu, akwai manhajoji, watau shirye-shiryen da ake sa wa waya, masu tambayar mutum yadda barcinsa yake, da cin abincinsa, da halin zuciyarsa, sa'an nan su tsara masa darussa gwargwadon amsarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada irin wannan, mai suna Step-by-Step, a Lebanon: darussa 5, da mataimaki mai kiran mutum na kimanin minti 15 ko wane mako. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna damuwar waɗanda suka bi shirin ta ragu. Na uku, a 2017 hukumar ta fito da littafinta na jagora, mhGAP, a waya, domin ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya gane ciwo, ya kuma san lokacin da zai tura mai shi gaba.

Gargaɗi

1. Waya ba ta rubuta magani. Kada a sha ƙwaya, kada kuma a daina wadda ake sha, sai da izinin likita.

2. A tabbata wanda ake magana da shi likita ne mai rajista.

3. A bincika inda asirin mutum zai tafi kafin a faɗe shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023 ta ba kowa ikon ya tambayi abin da ake yi da bayanansa.

4. Wanda ya fara zancen kashe kansa, ko yana jin muryoyin da wasu ba su ji, kada a bar shi da waya. A zauna tare da shi, a kira lamba 112, ko a garzaya asibiti. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna, da Kware, da Maiduguri.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa ya daina barci, ya ƙaurace wa jama'a, ya taimake shi ya nemi likita tun da wuri, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.