Me Ya Sa Babur Kan Ƙi Tashi Bayan Ya Daɗe A Ajiye?

Sau da yawa mutum kan ajiye babur lafiya lau a zaure, bayan wata shida ya fito da shi, ya yi ta buga kik har gumi ya karyo masa, amma inji ya ƙi kamawa. Kafin a sayar da shi da araha, ya kamata ɗalibi ya tuna cewa inji ba ya tashi sai abu uku sun haɗu: mai, iska da tartsatsin wuta.

A fara da mai. Fetur gaurayen sinadarai ne. Idan ya daɗe, masu saurin kama wuta sukan bi iska, ragowar kuwa ta zama danƙo, ta toshe 'yar kafar da mai ke bi cikin kafireto. Sai a tsiyaye tsohon man, a wanke kafireto, a zuba sabo.

Na biyu, iska. Inji na buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 15 na mai. Ƙura ko sheƙar ɓera a matatar iska kan shaƙe shi.

Na uku, wuta. A kwance fulogi, a goge shi, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi jikin inji nesa da mai, sannan a buga kik. Shuɗin tartsatsi alamar lafiya ne. Batir kuwa yakan zubar da cajinsa ko ba a amfani da shi, sai a yi masa caji.

A riƙa gwada abu ɗaya-ɗaya, domin ta haka ake gano ainihin inda cutar take. Hanyar binciken kimiyya ke nan.