Alayyafon Gaɓar Teku da Yadda Za a Cece Shi

Alayyafon gaɓar teku, wanda masana tsirrai ke kira Amaranthus pumilus, ɗan dangin alayyafon miya ne, amma a gaɓar Tekun Atlantika ta Amurka kaɗai yake fitowa. A da ana samun sa tun daga Carolina ta Kudu har Massachusetts. Shekara guda yake yi: ya tsiro tsakanin Afrilu da Yuli, ya yi fure, ya zuba iri, sanyi ya kashe shi. Ba ya miƙewa sama, shimfiɗuwa yake yi a kan yashi, da kara ja mai ruwa-ruwa da ƙananan ganyaye masu ɗan tsagu a baki. Furensa kuwa sai an durƙusa ake ganin sa a gindin ganye.

Mazauninsa ɗan zirin yashi ne tsakanin iyakar da ruwa ke kaiwa idan teku ya cika da gindin tuddan rairayi, sai kuma ƙarshen tsibiran yashi inda guguwa ta share. Ba ya jure wa gasa da ciyawa. Da zarar wuri ya zauna, wasu tsirrai sun kafu, shi ya tashi ke nan, iska da ruwa su kwashi irinsa zuwa wani sabon fili. Guguwar da ke binne shi bana ita ce ke share masa wurin zama na baɗi.

A nan matsalar take. Katangun da ake ginawa don tare teku suna hana yashi motsi, sabon fili ba ya samuwa. Motocin shaƙatawa suna murƙushe karansa, wanda ba shi da ƙwari ko kaɗan, injunan share gaɓa kuma suna tumɓuke shi tun yana ɗan tsiro. Akwai kuma tsutsar da ke cin ganyensa. A 1993 Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a kare filin, ko da ba a ga tsiron a cikinsa ba. Irinsa na iya kwanciya cikin yashi shekaru, kuma yana tafiya nesa. An sake ganin sa a New York a 1990, a New Jersey kuma a 2000, bayan an daɗe da fid da rai. Saboda haka kuskure ne a yanke hukunci a kan wata gaɓa da ƙidayar shekara ɗaya.

Masu kula da gaɓa su killace zirin da igiya da alluna tun daga Afrilu, kada a cire sai iri ya gama zuba a ƙarshen kaka. A hana motoci da injunan shara shiga wurin, a tsince shara da hannu. An lura cewa shingen da ake yi wa tsuntsayen da ke ƙwai a kan yashi yana amfanar tsiron, sai dai akan cire shi da zarar 'ya'yan tsuntsu sun tashi, alhali lokacin ne iri ke nuna. Tsawaita shingen 'yan makonni aiki ne mai araha.

Ana renon tsiron a lambu a dasa shi, kamar yadda aka yi a tsibirin Assateague, amma dashe ba ya ɗorewa a gaɓar da katanga ta daskarar. Masu yawon shaƙatawa su bi hanyoyin da aka ware, kada su tsinke shi, su sanar da masu kula da gaɓa idan sun gan shi a wajen shinge.